Badujala da Begila a Filin Fareti: Fa'idodi da Illolin Sauyin da Ke Shigowa Gasar Makarantu

Duk wanda ya yi makarantar boko a Rabah ko Wurno ko Goronyo ya san yadda makonnin da ke gaban Ranar Yara, 27 ga Mayu, da Ranar 'Yancin Kai, 1 ga Oktoba, suke kasancewa. Da la'asar ta yi sanyi sai a ji babbar ganga tana tashi daga bayan ajujuwa, ƙananan ganguna suna amsa mata, begila tana tsaga iska, malamin wasanni ko wani tsohon soja da aka roƙo yana ta faman "hagu, dama" har muryarsa ta dushe. Ranar taro kuwa makarantu za su jeru a fili, kowace da tutarta, su wuce ta gaban manyan baƙi, alƙalai su ba da maki, a kira ta ɗaya da ta biyu da ta uku. Wannan kiɗa na sojoji shi Bahaushe ya raɗa wa suna badujala.

Yau badujalar ba ta nan yadda aka san ta. Gangar fata tana ba wa gangar roba wuri, ƙaho mai maɓalli yana ture begila, wasu makarantu suna cusa kalangu a cikin sahu, wasu suna ƙara juyi da rausaya a kan tafiyar da a da miƙaƙƙiya ce, wasu kuma sun huta da komai sun ɗauko lasifika. Akwai masu ganin an lalata abin gado, akwai masu ganin sai yanzu abin ya yi armashi.

Kafin a auna maganar kowa, ya kamata a tuna cewa badujala ita kanta baƙuwa ce. Da sojojin Gwamna Lugga ta shigo, waɗanda suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. A bariki begila ce agogo, ita ke tashin kurata da asuba, ita ke kiransu abinci, ita ke sanar da kashe fitila. Daga bariki ta wuce wurin 'yan sanda, ta shiga makarantu, inda ake yin fareti ranar bikin daular Ingila, 24 ga Mayu. Tun kafin wannan, ƙasar tana da nata kayan busa da na kiɗa masu martaba: tambari da kakaki da algaita da farai a ƙofar sarki, taushi da kotso a hannun mawaƙan fada, waɗanda irin su Salihu Jankiɗi da Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo suka gada. Saboda haka idan wani ya ce "a bar mana al'adarmu", akwai buƙatar a tambaye shi wacce yake nufi, ta bariki ko ta fada. Ahmadu Bello Sardauna, wanda aka haifa a Rabah kuma aka naɗa shi hakimin garin a 1934 bayan ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya rayu a cikin su biyun, kuma zamaninsa bai ga wani karo a tsakaninsu ba.

Ba a nan kaɗai ake wannan muhawara ba. A Amurka ƙungiyoyin tsofaffin sojoji ne suka yaɗa gasar ganga da begila a tsakanin matasa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1972 wasu ƙungiyoyin kiɗan suka ɓalle suka kafa hukumarsu, Drum Corps International, domin su riƙa tsara dokokinsu da kansu. Daga nan sauye-sauye suka biyo juna: a 2000 aka halatta ƙahonin da ba na asalin begila ba, a 2004 aka shigo da na'urar ƙara sauti, a 2009 aka yarda da kayan kiɗa masu aiki da lantarki. Kowane mataki sai da ya raba kan masu abin. Arzikinsu da namu ba ɗaya ba ne, amma abin da ya same su yana iya haska wa mai son ya hango inda hanyar take zuwa.

Fa'idodi

Gangar roba ba ruwanta da yanayi, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wanda ya taɓa riƙon kayan kiɗan makaranta. Bikin 1 ga Oktoba yana zuwa ne a ƙarshen damina, lokacin da raɓa da laima ba su gama barin gari ba. Gangar fata da ta kwana a ɗakin ajiya takan wayi gari a sake, a doke ta ta yi wani irin "bif" kamar an bugi buhun dusa. Sai an fito da ita rana, in kuma gari ya yi lumshi a hura karmami a riƙa gasa fuskarta a hankali ana taɓawa da yatsa, ana tsoron kada zafi ya yi yawa ta tsage ana saura awa guda a shiga fili. Mai fuskar roba kuwa kusoshinta kawai za a ɗaure da ɗan mabuɗi, sautinta na safe shi ne na yamma. Ga makarantar da ba ta da mai gyara a kusa, wannan dalili kaɗai ya isa ya sa shugabanta ya karkata.

Ƙaho mai maɓalli ya faɗaɗa abin da yaro zai iya busawa. Begila ba ta da maɓalli ko rami, da matsewar leɓe da ƙarfin numfashi kawai ake sauya muryarta, kuma muryoyin da take bayarwa ba su wuce biyar ko shida ba. Sun wadatar ga kiran bariki, amma ba za su fitar da taken ƙasa ba, ko wanda aka yi amfani da shi daga 1978 ko na 1960 da aka dawo da shi a watan Mayu na 2024. Da ƙaho mai maɓalli uku yaro zai busa taken ƙasa da na makarantarsa, har ya fara gane yadda ake hawa da sauka a kan murya. Sai dai fa'idar tana rataye ne a kan samun malami. Ƙaho mai tsada a hannun wanda ba a koya wa ba, ƙararsa ba ta fi ta begila daɗi ba.

Shigar da kalangu da sauran kiɗan gida cikin sahu ita ce, a ganin mai wannan rubutu, sauyin da ya fi cancantar a tsaya a kansa. Badujalar bariki ƙidaya take yi, tana gaya wa ƙafa lokacin da za ta sauka. Kalangu kuwa magana yake yi. Mai shi yana matse tsarkiya a hammata yana saki, murya ta hau ta sauka kamar ta mutum, wanda ya san yaren ya ji abin da aka ce. A ƙasar da ta haifi Muhammadu Bawa Ɗan'anace, mutumin yankin Gandi da kalangunsa ya riƙa zuga 'yan dambe irin su Shago, kunnuwan jama'a a buɗe suke ga wannan yare. Idan kalangu ya shigo tsakiyar fareti, dattijon da ke tsaye can gefe yana kallon abin a matsayin harkar 'yan boko yakan matso. Akwai kuma wani amfani da ba a cika faɗa ba. Kiɗa a ƙasar Hausa sana'ar gado ce, kuma ba a ɗora ta a sahun gaba wajen daraja, har ɗan makaɗi yakan ɓoye sana'ar gidansu a makaranta don gudun gori. Ranar da aka ce shi ne zai tsaya gaba da kalangu, kuma da hannunsa makaranta ta ɗauko kofi, abin da yake ɓoyewa ya zama abin da ake nemansa dominsa. Wannan ba ya goge tsohon kallon da ake yi wa makaɗa, amma yana rage masa kaifi a tsakanin yara.

Wayar hannu ta zama malami a inda babu malami. A da sai an dace da tsohon soja ko ɗan sanda mai ritaya a gari kafin a sami mai koyar da salon duka. Yanzu yara suna kallon faretin sojoji da na 'yan bautar ƙasa a waya, su kwaikwaya, a ɗauke su su ma su ga inda sahunsu ya karkace. Ba ta kai malami na gaske ba, domin ba ta kama hannun yaro ta gyara masa riƙon makaɗi, amma ta fi babu.

Inda aka fara rubuta sharuɗɗan gasa kafin ranar taro, a ware makin daidaiton sahu da na tsabtar kaya da na kiɗa, ƙorafi yakan ragu. An sha ganin makarantar da ta koma gida tana cewa an yi son kai saboda ɗan wane ne ke riƙe da tuta. Rubutaccen ma'auni ba ya hana son kai gaba ɗaya, amma yana ba wanda aka kayar abin da zai duba ya gyara.

Sannan duk abin da zai sa yaro ya ɗoki zuwa makaranta yana da nauyi a Jihar Sakkwato, wadda ke cikin jihohin da suka fi yawan yaran da ba sa zuwa aji. Sabon salo yana jan yara, kuma akwai waɗanda ganga ce ta riƙe su har suka gama firamare. Wasu ta kai su gaba da haka, domin soja da 'yan sanda suna da rukunin makaɗa, kuma a sansanin 'yan bautar ƙasa da ke Wamakko wanda ya iya ganga ko ƙaho tun daga gida ba ya rasa wurin tsayawa.

Illoli

Kuɗi ne illa ta farko da ido ke gani. Gangar roba da ƙaho mai maɓalli da kayan ado masu igiyoyi a kafaɗa duk daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Makarantar kuɗi a cikin birnin Sakkwato tana iya sayen saiti guda a zango ɗaya, ta fito filin wasa na Giginya tana walƙiya. Makarantar ƙauye a bakin gulbin Rima, wadda wani ajinta ko rufi babu, tana nan da ganguna uku da begila ɗaya da ta lotsa. Idan ma'aunin alƙalai ya koma kan kyan kaya da yawan muryoyi, an gama gasar tun kafin a shiga fili. A nan ne labarin Amurka yake da amfani. A shekarun 1960 da 1970 ƙungiyoyin matasa masu wannan kiɗa ɗaruruwa ne, na unguwanni da na majami'u. Yau waɗanda ke shiga babbar gasar da ake kammalawa a birnin Indiyanafolis 'yan gomomi ne, kuma matashi yakan biya dubban daloli kafin ya shiga ɗaya daga cikin manyansu. Kiɗan ya ƙara kyau ƙwarai, masu yinsa sun ragu. Adalci ne a ce ba sauyin kayan kiɗa kaɗai ya jawo haka ba, tsadar tafiye-tafiye da sauyin rayuwar birane sun taka rawa, amma yana cikin dalilan.

Lasifika ita ce sauyin da ya fi wuyar karewa. Sauran sauye-sauyen suna canza abin da ke hannun yaro ne, ita kuwa tana karɓe shi gaba ɗaya. A ɗauko mai kayan sauti da janareta, a sa kiɗan da aka naɗa, yara su yi ta takawa. Kunne zai ji daɗi, kuɗin haya na yini ɗaya bai kai na sayen ganguna ba, kuma babu wahalar makonni shida na horo. Amma babu yaron da ya koyi komai. A tsohon tsari mai babbar ganga yana kallon ƙafafun 'yan sahun gaba, in ya ga ƙanana sun fara gajiya ya ɗan sassauta, in an zo gaban manyan baƙi ya ƙara nauyi. Na'ura ba ta ganin kowa. In kuma janareta ya mutu a tsakiyar fili, sahu ya watse, domin ba wanda ya saba riƙe lokaci a cikin kansa. Uzurin da za a iya yi mata shi ne makarantar da ba ta da ko ganga ɗaya, wadda in ba da lasifika ba yaranta ba za su fito ba sam. Wannan uzuri ne na rashi, bai kamata ya zama hanyar cin kofi ba.

Akwai sana'o'in da ke bayan gangar fata waɗanda roba take yanke wa ciniki. Masassaƙi ne ke fafe icen, majemi ya gyara fatar, wani ya ɗinke ya ja igiya. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna tun zamanin fataucin hamada, har Turai ta san ta da sunan fatar Maroko saboda ta can take bi. Abin takaici ne a ce a ƙasar wannan akuya yaro yana dukan roba da aka ƙera a wata nahiya. Bayan haka gangar fata in ta fashe ana gyara ta ranar kasuwa da kuɗi kaɗan, ta roba kuwa sai an aika Sakkwato ko Kano neman irin fuskarta, in ba a samu daidai girmanta ba ta zama abin ajiye littattafai a ofishin shugaban makaranta. Duk da haka kada a zuzuta: cinikin makarantu bai taɓa zama ginshiƙin majema ba, kuma makaɗan biki da na dambe da na noma suna nan suna sayen fata.

Kayan fada suna da masu su. Tambari ba a kaɗa shi sai don sarki, kakaki ma haka, kuma kowane take da ake busawa ko ake kaɗawa akwai wanda aka yi wa shi. Ɗokin shigar da "kiɗan gargajiya" cikin gasa yana iya sa a ɗauko abin da ba na wasa ba, ko yaro ya kaɗa taken wani basarake yana wucewa gaban wani ba tare da ya san abin da ya faɗa ba. A gari irin Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi kuma aka rufe shi a 1837, irin wannan kuskure ba a ɗaukarsa da sauƙi. Maganinsa ba wuya, a tambayi makaɗan fada abin da ya halatta a fitar da abin da bai halatta ba. Sai dai ba kullum ake tambayar ba.

Idan juyi da rausaya suka yi yawa, fareti yakan tashi daga horo ya koma rawa, kuma a wannan yanki bambancin yana da girma. Malaman jihadi sun yi rubutu a kan hukuncin kiɗa, sun rarrabe gangar yaƙi da ta tara jama'a daga kiɗan shagala, kuma wannan rarrabewa tana nan a zukatan iyaye ko da ba su karanta littattafan ba. Uban da ya yarda 'yarsa ta yi maci cikin hijabinta saboda yana ganin tarbiyya ce, yana iya janye ta ranar da ya ga abin ya zama karairaya a gaban maza, a ɗauka a waya a watsa. Wani lokaci ba daga fareti kaɗai zai janye ta ba. Masu son sabon salo sukan ce tsaurin ra'ayi ne, amma wanda ya san wahalar da ake sha kafin a shigar da yarinya aji a ƙauyukan nan ba zai yi wasa da abin da zai fitar da ita ba. A ɗaya gefen kuma, ba kowane sabon taku ne rawa ba, kuma akwai masu ƙin abu don kawai ba su saba ganinsa ba.

Zafin neman kofi yana cin lokaci. Salo mai wuya yana buƙatar horo mai tsawo, horon kuma daga darasi ake yankarsa ko daga aikin gida. Shirin 27 ga Mayu yana faɗawa a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kuma yara kan yanke jiki su faɗi a sahu. Shirin Oktoba yana karo da girbin gero, sa'ar da kowane hannu ke da amfani a gona. Akwai kuma ɗauko 'yan haya, samarin da ba ɗalibai ba a sa musu kayan makaranta su yi kiɗa. Wannan tsohuwar cuta ce, ba sauyi ya kawo ta ba, amma duk yadda kiɗan ya ƙara wuya haka jarabar yin ta take ƙaruwa.

Ita kanta begila akwai abin da ke tafiya tare da ita. Arha gare ta, ba ta da abin da zai lalace a ciki, tana jure faɗuwa da ƙura, kuma yaron da ya iya fitar da murya mai tsabta daga bututun da ba shi da maɓalli ya riga ya mallaki numfashi da leɓen da kowane ƙaho ke buƙata. Tsofaffin da suka san kiraye-kirayenta suna ƙarewa, ba a kuma rubuta abin da suka sani ba.

Wani abu da ya kamata a sa a kan sikeli, ko da yake ba laifin tsoho ko sabo ba ne, shi ne rashin tsaron da ya addabi gabashin Sakkwato a 'yan shekarun nan. Inda hanya ba ta da aminci ba a ɗebo yara daga ƙauye zuwa taro, kuma makarantar da mutanen garinta suka yi gudun hijira ba ta maganar ganga. Wannan yana ƙara tattara gasar a hannun makarantun cikin gari, waɗanda dama su ne masu sabbin kaya.

Shugabannin makarantu da iyaye da jami'an ilimi na ƙananan hukumomin Rabah da Wurno da Goronyo su ne masu yanke hukunci, kuma halin kowace makaranta daban ne. Abin da za a roƙe su shi ne su zauna kafin gasa ta gaba su rubuta sharuɗɗa, su duba ko zai yiwu a ware rukunin ganga da begila zalla daga rukunin sabon salo domin mai ƙaramin ƙarfi ya sami inda zai fafata, su kuma tabbatar cewa duk sautin da alƙali zai ba wa maki daga hannu ko bakin ɗalibin makarantar ya fito.